Ƙwai Shida da Littafin E2

Litinin, 3 ga Fabrairu, 12:40 na rana

Yau an hawo da ni sama. Shekara goma sha tara ina ɗakin ajiyar samfurin yadi a ƙasan masana'anta, ina manna lamba a jikin ƙyallaye, sai yau Griet, mai kamfanin, ta aiko a kira ni ofis. Na ɗauka maganar ritayata ce, tunda Nuwamba ta matso. Har na shirya fuskar da zan yi.

Na tarar da tulin takardu a teburinta, ita kuma ta dafe kai.

"Kawu Ignace, zauna. Kai ne mai digirin nan da ba ya amfanar kowa, ko?"

"Biyu ne," na ce. "Ɗayan ma ya fi rashin amfani."

Tun tana 'yar shekara biyar take ce mini kawu, lokacin tana wasa a ƙarƙashin teburin ubanta Firmin, ni kuma ina shugaban ɗakin gwaje-gwaje na wannan kamfanin rini. Yanzu Firmin ya shekara huɗu a ƙasa, kamfani da ma'aikatansa ɗari uku da goma suna hannunta.

Ta turo mini takardun. Wai Tarayyar Turai ta yi doka, sunanta CSRD. Duk kamfani mai girmanmu dole baɗi ya fitar da rahoto kan abin da yake yi wa iska da ruwa da mutane. Ta ba mutum uku su karanta, duk sun dawo mata da su kamar an ba su gawa.

"Duk haruffa ne, Kawu. Ba kalma ko ɗaya ta mutane. Kai da ka iya yaren matattu, ko za ka gane."

Na ce zan duba. A hankali na faɗa, don kada ta ga ɗokina. An ba ni tebur kusa da taga. Taga!

Talata, 4 ga Fabrairu, 7:15 na safe

Ƙwai shida a ƙofa, kamar kowace Talata. Godelieve ce, matar marigayi Norbert direbanmu, gida uku daga nawa, bayan shingen filin ajiye motocin kamfani. Tun rasuwarsa take kiwon kaji. Na sa su inda nake sa su.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, 6:10 na yamma

Rabon da in ji kaina yana aiki haka tun ina kwalejin limaman coci a garin Kortrijk, ina haddar Girkanci. Na sayo ƙananan katuna, na rubuta haruffa a gaba, ma'ana a baya, ina jujjuya su a kan keke har na kusa shiga rami.

Abin ba wuya, raggaye ne kawai. CSRD ita ce bulala: ita ta ce dole ka yi magana. ESRS kuma su ne tambayoyin da za ka amsa, littafi goma sha biyu. Biyu na share fage, biyar masu E na muhalli, huɗu masu S na mutane, ɗaya mai G na yadda ake tafiyar da kamfani. Sannan ga wata 'yar'uwarta, CSDDD, mai D uku kamar mai in'ina, wadda ba ta shafe mu ba, ta manyan ƙattai ce. Tambayoyi sun haura dubu. Dubu! Wani ya zauna a Brussels ya yi tunanin tambaya dubu da zai yi wa kamfani, a ƙasar da ba wanda ya taɓa yi mini ko ɗaya.

A wurin cin abinci shugaban masu rini ya ce, "Ku duba, Dokta ya tashi daga kabari." Na ce masa ya rufe baki, yana cikin S1, littafin ma'aikata, zan rubuta shi. Aka yi dariya. Da ni aka yi, ba ni aka yi wa ba. Na lura da bambancin.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 10:30 na safe

E2.

Ina cin burodi da cuku na buɗe shi. Gurɓatawa: ta iska, ta ruwa, ta ƙasa. Ta ƙasa. Na miƙe tsaye na sake karantawa da yarenmu, Flamanci, na nemo na Faransanci ko fassara ce ta yi kuskure, na duba na Ingilishi. Duk abu ɗaya suke faɗi. Tambaya ce.

Bari in rubuta wannan sau ɗaya. Wata Asabar a Oktoban 1993, ni da Norbert mun yi wani aiki a bayan masana'anta, shi da katafila, ni da alƙalami. Bayan sati guda aka malala kwalta a wurin, ya zama filin ajiye motoci. A ranar Firmin ya kira ni ofis ya ce, "Ignace, ban ce ka yi ƙarya ba, ni ba na sa mutum ƙarya. Cewa na yi kada ka fara magana. Ranar da aka tambaye ka, ka faɗa." Ya miƙo hannu, na ba shi nawa. Yana dariya, don ya san ba mai tambaya.

Shekara talatin da ɗaya na cika alkawari. Sau ɗaya na ce masa mu tone, a 2006, washegari na tsinci kaina a ɗakin ƙyallaye.

Yanzu ga Turai gaba ɗaya, ƙasa ashirin da bakwai, ta zo ta tsaya a ƙofa tana tambaya. Firmin, an tambaye ni! Na zagaya teburin kicin sau nawa ban sani ba. Kofi ya huce, na sha shi haka.

Talata, 11 ga Fabrairu, 7:15 na safe

Ƙwai shida. Saura kaɗan.

Laraba, 12 ga Fabrairu, 5:30 na yamma

Griet ta ɗauko mai ba da shawara daga Brussels. Thibaut sunansa, ɗan shekara hamsin, mai Faransanci, Flamancinsa kamar yana tauna ƙusa. Ya zo da motar lantarki, kuma duk faɗin filin nan bai ga inda zai ajiye ta ba sai lungun kudu, jikin shinge. Daidai wurin. Ta taga na gan shi yana taka kwaltar da takalminsa mai sheƙi.

A gaban shugabannin sassa ya ce CSDDD inda ya kamata ya ce CSRD. Na bari ya maimaita sau biyu, sannan na ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Ranka ya daɗe, D ɗaya ce tamu. Sauran biyun ka mayar Brussels."

Ya yi ja har kunne. Amma a ba shi haƙƙinsa, ya yi dariya, ya ce, "Madam, me ya sa kika kira ni alhali kina ɓoye da wannan a ƙasa?" Griet ta kalli agogo.

Abu ɗaya ya faɗa mai kyau. Ya ce dokar awo biyu take so. Da can kamfani yana auna abin da duniya za ta iya yi masa ne kawai: fari, ambaliya, tsadar wuta. Yanzu dole ya juya ma'aunin, ya auna abin da shi yake yi wa duniya. Ya zana kibiya biyu a allo, ɗaya na shigowa, ɗaya na fita.

Na daɗe ina kallon kibiyar nan mai fita. Ni dai ta shigowa na ƙware a kai. Ka tashe ni daga barci zan karanta maka duk abin da aka yi mini tun 2006, da rana da wata.

Kai, amma dokar nan an iya rubuta ta!

Talata, 18 ga Fabrairu, 7:40 na safe

Yau na buɗe ƙofa Godelieve tana ajiye kwalin ƙwai, ba halin ɓuya. Da takalmin roba, da tsohuwar rigar sanyin Norbert. Naas take ce mini, ni kuma in ce mata Lieve.

"Naas, kai ne jiya kake fito a kan keke? Na ce wa kaji, ko dai maƙwabcinmu ya yi budurwa."

"Doka ce, Lieve."

"Doka? To ita ma ka bi ta a hankali, kada ta gudu kamar waccan."

Duk garin nan ita kaɗai ke iya taɓa maganar matata in yi dariya. Ta ce jar kazar ta koma yin ƙwai, wai tun da ta daina ba su ruwan famfo ta koma na rijiya suka ƙara lafiya, ruwan famfo duk magani ne. Ta ce gobe Laraba, jikokinta biyu za su zo da an tashi makaranta da rana, sai ta soya fanke ashirin ba su ƙoshi ba.

"Yaya na makon jiya? Ka ga kwaiduwar?"

Na ce ja wur. Kullum haka nake cewa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, 6:00 na yamma

Babbar rana! Thibaut ya jera batutuwa a bango, ya raba mana ɗigo masu manne: kore ga abin da ba shi da nauyi, ja ga mai nauyi. Manya tara, masu furfura, muna manna ɗigo kamar 'yan rainon yara. A kan hayaƙi ja ya yi yawa. A kan ruwan da muke saki ma haka. A kan ƙasa, kore takwas.

Na je na manna ja. Na danna shi da babban yatsa har allon ya motsa.

"Dokta ya yi kuskuren kala," in ji wani.

"Shekara arba'in ina aikin kala," na ce.

Thibaut ya ce ba komai, ja ɗaya ma ya isa a bincika. Ya buɗe littafinsa ya sa rana: Laraba 12 ga Maris, ƙarfe goma, zai zauna da ni mu bi tambayoyin E2 ɗaya bayan ɗaya, a rubuta.

Da aka watse Griet ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta kalli ɗigon, ta kalle ni. Ta buɗe baki. Na rantse na ga tambayar a kan harshenta. Sai ta ce, "Ka sa kwat ranar. Wannan rigar ta gaji." 'Yar ubanta ce.

Ba komai. Sha biyu ga Maris.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, 4:00 na yamma

Na rubuta amsar. Shafi huɗu, da taswira. Ban buƙaci duba komai ba, duk yana kaina. Ganguna arba'in da biyu na dagwalon rini, irin na da, wanda aka hana. Zurfin mita uku. Gangar ƙarfe irin wannan ba ta wuce shekara ashirin a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a nan kudu yake gangarawa. Daga lungun zuwa rijiyar da ke kudu mita arba'in da biyar ne.

Ban rubuta ko rijiyar wa ce ba. E2 bai tambayi suna ba.

Rubutun ya yi kyau ƙwarai. Rabon da in yi jimla mai tsabta haka tun kundin digirina. Na kai kwat wanki.

Talata, 25 ga Fabrairu, 7:15 na safe

Shida. Saura kwana goma sha biyar.

Laraba, 26 ga Fabrairu, 5:50 na yamma

Thibaut ya bugo wa Griet waya da rana, ta sa a lasifika don in ji. Wai Hukumar Turai ta fito da sabuwar shawara, a rage wa kamfanoni nauyi. Sunanta Omnibus.

Na yi dariya har na ƙware. Latin ne, ma'anarsa "domin kowa". Kuma abin da ke cikinta shi ne a cire kusan kowa. Sai mai ma'aikata fiye da dubu zai amsa tambaya. Mu ɗari uku da goma ne.

"Wato mun fita?" in ji Griet. Muryarta kamar ta yarinyar da aka ce malamin lissafi ba shi da lafiya.

Na ce mata a'a, a'a, shawara ce kawai. Sai Majalisar Turai ta yarda, sai ƙasashe sun yarda, sai Belgium ta gyara tata dokar, kuma kowa ya san Belgium ba ta gaggawar komai. Dokar da ke aiki yau ita ce doka. Na kawo mata sashe da lamba. Na yi magana minti goma ba numfashi, Thibaut yana ta "gaskiya ne, Dokta, amma". Ban bar shi ya ƙarasa amma ɗin ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, 8:05 na safe

Shawara ce kawai.

Laraba, 5 ga Maris, 1:20 na rana

Na koma gida ɗauko tabarau. Ƙanshin man shanu tun daga kwana, da kekuna biyu ƙanana jingine a shingen Lieve. Na bi ta ɗaya hanyar. Ta fi nisa da minti shida, amma motsa jiki ne.

Saura sati ɗaya.

Laraba, 12 ga Maris, 12:30 na rana

Na sa kwat. Tun ranar Litinin aka turo saƙo cewa an ɗage zaman "har sai abubuwa sun fayyace", amma na sa.

Thibaut ya zo kwashe allunansa. Na same shi shi kaɗai yana ɓamɓare ɗigo daga bango. Shafi huɗun suna aljihuna.

"Goma ta yi," na ce.

"Dokta, ba ka ga saƙo ba?"

"Na gani. Ga kujera, ga ni. Minti biyar. Ka karanta layin ƙasa kawai, in amsa."

Ya tsaya da jan ɗigona a kan yatsarsa. Ba wawa ba ne, wannan na gane tun tuni.

"Madam ta dakatar da aikin. Ba ni da izinin tambayar kowa komai a gidan nan."

"To yi a matsayinka na mutum."

"A matsayina na mutum, ina da taro a Gent ƙarfe biyu." Ya rage murya. "In na tambaya, na ji. In na ji, sai na san inda zan kai shi. Ni haruffa nake sayarwa, Dokta."

Ya manna ɗigon a gefen teburi. Da zai fita ya zaro wani ɗan siririn littafi daga jaka ya ba ni, wai in rage zafi, na ƙananan kamfanoni ne irin waɗanda za mu koma. VSME. Ban buɗe ba. Na jefa a aljihun tebur.

Talata, 18 ga Maris, 6:30 na yamma

Ban mutu ba tukuna! Na gano ana nuna zaman Majalisar kai tsaye. Na rubuta wa wakilai goma sha ɗaya wasiƙa, kowanne da yarensa in na iya. Na bayyana musu kibiya biyu. Na ce musu akwai mutanen da ke jiran tambayar nan kamar yadda ake jiran likita. Ɗaya ya amsa, ko in ce na'urarsa ta amsa, tana godiya da sha'awata ga harkar kamun kifi.

Sabon abu kuma: "tsayar da agogo". Kafin su gama gardama kan wa zai fita, suna so su ɗage wa irinmu shekara biyu. Ba za ta wuce ba. Na ƙirga ɓangarorin a bayan ambulan, in masu ra'ayin muhalli suka tsaya, in na tsakiya suka rabu, ba za ta wuce ba. Jinina har tafasa yake. Ashe haka masu kallon tseren keke suke ji.

Da safe shida. Ɗaya da ɗan gashin kaza a jiki.

Talata, 25 ga Maris, 7:15 na safe

Shida.

Talata, 1 ga Afrilu, 7:15 na safe

Shida. Jibi ƙuri'a.

Alhamis, 3 ga Afrilu, 4:45 na yamma

Fiye da ɗari biyar suka ce a tsayar da agogo. Ko minti biyu ba a yi ba. Suka wuce batu na gaba.

Shekara biyu. Ni kuwa Nuwamba zan tafi.

Griet ta zo teburina da kanta, da kwalin cakulan mai ɗaurin zare. Ta ce na yi ƙoƙari, ba za ta manta ba, amma ƙyallaye sun taru a ƙasa.

Na ce, "Griet, ki tambaye ni."

"Kawu."

"Kalma huɗu ce. Me ke ƙarƙashin filin? Ki faɗa kawai."

Ta rufe ƙofa. Ta zauna a gefen teburin kamar yadda take yi tana ƙarama.

"Ina da mutum ɗari uku da goma. Ba zan je neman abin da zai iya rufe mu da hannuna ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma bakinka a jikinka yake. Wa ya ɗaure shi?"

"Ubanki. Na ba shi hannu."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Baba? Baba da ya yi wa Mama alkawarin zuwa teku shekara talatin? Shi kansa da ya ji kana riƙe da wannan har yau sai ya yi mamaki. Kawu, ba Baba ne ya riƙe ka ba. Kai ka riƙe shi."

Na ce mata ba ta da kunya. Ta ce ta sani, gado ne. Ta bar cakulan ɗin.

Juma'a, 4 ga Afrilu, 12:40 na rana

Ɗakin ƙyallaye. Ba taga.

Da nake kwashe aljihun tebur na ga ɗan littafin Thibaut. Hannu ya saba, na ɗauki kati na rubuta VSME a gaba, na juya zan sa ma'ana. SME na sani, ƙanana da matsakaitan kamfanoni. Na duba V.

Na ganin dama. Wanda ba a tilasta ba. Ba mai aiko maka, ba mai jiran ka, ba ranar ƙarshe. In ka so ka faɗa, ka faɗa.

Na baje katunan duka a kan teburin yanka. CSRD da kamfani ta fara, shi ne C ɗin. ESRS da Turai ta fara, ita ce E ɗin. Kowacce da wani take farawa. Wannan 'yar ƙaramar da aka ba ni don in rage zafi ita kaɗai ta fara da mai maganar.

Na yi wata biyu ina haddar haruffa, ashe guda ɗaya ne ban iya ba. Digiri biyu.

A tsohon kabad ɗina na gwaji akwai kwalba mai launin ƙasa-ƙasa, mai murfi, ba a taɓa amfani da ita ba. Na sa a jaka. Abin mamaki, abin da nake ji ba duka tsoro ba ne.

Asabar, 5 ga Afrilu, 1:00 na rana

Na je gidan Lieve ƙarfe tara. Tana bayan gida tana watsa wa kaji hatsi. Na riƙe kwalbar a gaba, a fili, yadda dole ta gani. In faɗi gaskiya, dabara ce: za ta ce "Naas, kwalbar me ce wannan?" shi ke nan an tambaye ni.

Ta kalli kwalbar. Ta ce, "Ka zo a daidai, riƙe mini ƙofar nan kada jar ta fita." Ta ci gaba da zancen dila da ya shigo unguwa, da tsadar hatsi, da gwiwarta. Minti goma ina tsaye da kwalba kamar mai tallar magani. Ba ta tambaya ba. Ba za ta tambaya ba, ita ba ta tambayar mutane abin da ke hannunsu, shi ya sa kowa ke son ta.

Na ajiye kwalbar a kan murfin rijiya. Na ce, "Lieve, ba ki tambaye ni ba, amma zan gaya miki wani abu."

Na faɗa. Ba da tsabtar shafi huɗun ba, a hargitse, na fara da mita arba'in da biyar na koma 1993. Ta tsaya da kwanon hatsi a hannu, kaji suna zagaye ƙafarta.

"Norbert ya sani?"

"Shi ya haƙa. An ce masa tarkacen gini ne. Ni na san ko mene ne, ni na sa hannu."

"Yana cikin ruwan?"

"Ban sani ba. Mai yiwuwa babu. Sai an gwada."

"Mai yiwuwa." Ta ajiye kwanon a hankali. Sannan ta ɗago. "To kai ma ai ka ci. Shekara goma sha ɗaya kana cin ƙwan nan."

Wannan ma ba tambaya ba ce. Da na yi shiru, da ta wuce.

"Ban taɓa ci ba, Lieve. Ko ɗaya. A jarida nake naɗe su in sa a shara."

Ban taɓa ganin fuska ta yi haka ba. Ba ta yi ihu ba.

"Ja wur," ta ce. "Kowane sati, ja wur."

"Lieve…"

"Ka tsare cikinka. Cikinka ka tsare, Ignace. Yaran nan tun suna rarrafe."

Rabon da ta kira ni Ignace tun ranar jana'izar Norbert. Ta miƙo hannu, na ɗauka mari ne, ashe takardun take so, ta ga kansu a aljihuna. Ta karɓa, ta shiga kicin. Ta taga na ji tana waya da uwar jikokinta: "Katrien, ƙwan da na ba ki ranar Laraba, kada ki ba su. A'a. Ki zubar. Zan gaya miki." Sannan ta leƙo ta ce in fita mata daga gida, in rufe ƙofar kaji da kyau.

Na rufe da kyau. Na manta kwalbar a can.

Litinin, 7 ga Afrilu, 10:15 na safe

Na sake rubuta shafi huɗun daga kai, wannan karon da sunan mai rijiya da nawa. Na hau sama na ajiye wa Griet kwafi, na ce ƙarfe goma zan aika wa hukumar kula da ƙasa, na ga ya dace ta riga su gani. Ta karanta a tsaye. Ta kai taswirar, ta je taga ta daɗe tana kallon lungun kudu.

"Arba'in da biyu," ta ce.

"Eh."

"Ka san abin da wannan zai iya yi mana."

"Na sani."

Ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce in fasa ba. Ta ɗaga waya ta ce a kira mata lauya, kuma a hana kowa ajiye mota a jikin shinge.

Goma da minti biyu na aika.

Talata, 8 ga Afrilu, 7:15 na safe

Ba ƙwai.

Na san ba za a samu ba, amma na buɗe ƙofar. A inda kwalin yake zama, kwalbata ce. Cike, an ɗaure murfin tam, an naɗe ta da tawul ɗin kicin don kada ta fashe. Ta manna takarda irin wadda take sa wa kwalaben jam na shafa wa burodi, da rubutunta mai karkata:

"Rijiya. Talata, 6:50. In sakamako ya fito, kada ka jira in tambaye ka."

Ɗakin gwajin Gent tara yake buɗewa. Akwai jirgin ƙasa na 7:52. In na taka keken da ƙarfi zan same shi.